Guguwa a Kuba, fargaba a Maraɗi: darasin da ya kamata mu ɗauka

Ƴan uwana malamai da iyayen yara, yau zan ajiye batun albashi da ƙarancin tebura, in ba ku labarin wata guguwa wadda ko ganye ɗaya ba ta kaɗa ba a ƙasarmu, amma ta hana gidanmu barci har kwana huɗu.

Ƙanena ya yi karatun likita a Kuba, ya dawo da takardar shaida da kuma mata. Ƴar wani ƙauye ce na bakin teku a lardin Santiyago, can gabashin tsibirin. Ta fi shekara goma a Maraɗi, tana jin Hausa, ta iya tuƙa tuwo, ƴaƴanta uku, amma har yau Amarya muke ce mata. Mahaifiyarta tsohuwa ce mai ciwon ƙafa, tana can ƙauyen tare da ɗanta na ƙarshe.

A ƙarshen watan Oktoba na 2025 guguwar da aka sa wa suna Melisa ta taso a tekun Karibiyan. Irin wannan guguwa ba ta yi kama da wadda muka sani ba, mai tashi da ƙura ta wuce cikin minti goma. Tana haɗuwa ne a kan teku idan ɗumin ruwa ya kai digiri 26 ko fiye, tana juyawa kamar dutsen niƙa, faɗinta ya kan kai ɗaruruwan kilomita. Masana sun kasa ƙarfinta mataki biyar, na biyar yana farawa daga iska mai gudun kilomita 252 a awa. Ranar Talata 28 ga wata Melisa ta faɗa wa Jamaika tana mataki na biyar, da iska mai gudun kusan kilomita 295 a awa. Taswira ta nuna daga nan gabashin Kuba ta nufa.

Abin da ya sa fargabar ta yi tsanani shi ne tafiyar hawainiya da guguwar ta yi. Kwana da kwanaki ana ganinta a waya tana matsowa kaɗan-kaɗan. Amarya tana zaune a kan tabarma a tsakar gida, sararin samaniyarmu garau, damina ta riga ta ɗauke, ita kuwa idonta yana kan wani farin da'ira da ke tunkarar gidan da aka haife ta. Da yammacin Talata ta samu mahaifiyarta a waya karo na ƙarshe. Tsohuwar ta ce mota ta zo ta kwashe su, an kai su wata makaranta da ke kan tudu, ta ɗauko magungunanta da takardunta a cikin leda. Daga nan rezo ya ɗauke.

A daren nan na tafka kuskuren da har yanzu nake jin kunyarsa. Wani ya turo mini bidiyo a WhatsApp, ruwa yana cin gidaje, an rubuta wai Kuba ce. Ban tsaya na yi tunani ba na tura mata. Ta kalla, ta ɗago kai ta ce, "Yaya, nan ba Santiyago ba ce. Kuma guguwar ba ta iso ba tukuna." Muryarta tana rawa. Ni da nake koya wa yara su duba tushen magana kafin su ɗauka, ni ne na ƙara wa mai kuka barkono a ido.

Tsakaninmu da Kuba a lokacin akwai tazarar awa biyar. Melisa ta sauka a lardin Santiyago wajen ƙarfe uku na dare a can, ranar Laraba 29 ga wata, tana mataki na uku. A nan ƙarfe takwas na safe ke nan, daidai lokacin da yara ke shiga aji. Babbar ƴar Amarya tana ajina na CM2. Ina rubuta kwanan wata a allo, ita tana duban taga. Na yi mata tambaya sau biyu ba ta ji ba. Na ƙyale ta, don na san inda hankalinta yake.

A nan ne wani abu ya soke ni. Makonni kaɗan kafin haka na tsayar da wani yaro a gaban aji, na yi masa faɗa mai zafi saboda irin wannan duban taga. Daga baya na ji cewa mahaifinsa yana Libiya, kuma wata biyu ke nan ba a ji muryarsa ba. Ƴar ƙanena na yi mata uzuri domin na san labarinta. Shi kuwa na kira shi malalaci domin ban tambaya ba. Wannan ne darasi na farko da guguwar ta koya mini: a kowane aji na Maraɗi, Damagaram ko Tawa akwai yaron da jikinsa kawai ke kan benci, zuciyarsa tana Libiya, ko Aljeriya, ko Abijan, ko ramukan zinariya na arewa, tana jiran waya ta yi ƙara. Ba mu da teku, amma jiran labari daga nesa mun san shi tun daga kakanni. Abin mamaki, a makarantar horon malamai an koya mana tsara darasi da riƙon rajista, ban tuna ranar da aka zauna aka ce mana ga yadda za ku gane yaron da fargaba ta cinye ba.

Darasi na biyu daga bakin Amarya na same shi. A kwanakin shirun nan maƙwabta sun yi ta shigowa jaje, kowa da kalmarsa ta haƙuri da addu'a, kuma ta ji daɗin hakan ƙwarai. Amma da na tambaye ta abin da ke riƙe da ita, sai ta ce, "Yaya, na san ba ta cikin gidan. Rufi zai iya tafiya, amma ita an fitar da ita." Ta lissafa mini abin da ake yi mataki-mataki kamar mai karanta jadawalin lissafi. Da farko sanarwa, a tanadi ruwa da abinci, a share magudanu. Sai gargaɗi, a fara kwashe mutanen bakin teku da na gefen kogi. Sai ƙararrawa, kowa ya zauna inda yake. Sai lokacin gyara. Ta ce a unguwarsu an san gidan da ke da tsoho, da mai ciki, da gurgu, an kuma san maƙwabcin da gininsa ke da ƙwari wanda zai karɓi mutane. Na ce a ina ta koyi wannan? Ta ce a firamare.

Kubawa ba da wannan sani aka haife su ba, wuya ce ta koya musu. A watan Oktoba na 1963 guguwar Flora ta yi kwanaki tana kewaya gabashin tsibirin, ta kashe mutane fiye da 1,000. Bayan wannan ne suka gina tsarin kare jama'a daga bala'i. Tun 1986 suna yin atisayen ƙasa baki ɗaya da suke kira Meteyoro kafin lokacin guguwa, wanda ke farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba. Kafin Melisa ta iso an kwashe mutane fiye da 700,000. A Jamaika da Haiti an rasa rayuka gommai, alhali a Haiti ma tsakiyar guguwar ba ta bi ta kansu ba, ruwan sama da ambaliya ne suka yi ɓarnar. A Kuba gidaje dubbai sun lalace, gonaki sun nutse, kogin Kauto ya yi ambaliya, amma a kwanakin da suka biyo baya hukumomi ba su ba da labarin mutuwar kowa ba.

Kada wani ya ɗauka yabon gwamnatin wata ƙasa nake yi. Amarya da kanta ta fi kowa kukan halin da danginta ke ciki: wuta na ɗaukewa awanni masu yawa ko babu guguwa, magani na wuya, abinci na wuya, matasa na ta ficewa. Tsarin ma ba ya hana mutuwa kowane lokaci, domin guguwar Sandi ta kashe mutum 11 a ƙasar a 2012, ta ragargaza birnin Santiyago. Hujjata ma a nan take. Ƙasa ce matalauciya. Abin da ya fitar da tsohuwa mai ciwon ƙafa daga bakin teku ba kuɗi ne mai yawa ba. Sani ne da aka shuka tun ana yara, da jerin sunaye, da sabo.

Yanzu mu dubi gida. A daminar 2024 ambaliya ta kashe kusan mutum 400 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya da rabi, kuma jiharmu ta Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Tsohon masallacin Damagaram na ƙarni na 19 ya rushe a farkon Satumba. An ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata, domin wasu azuzuwa sun lalace, wasu kuma mutanen da ruwa ya kora ne ke kwana a ciki. Wato makarantunmu sun riga sun zama mafaka, ba tare da an shirya su ba, ba tare da an tambayi darekta ko makewayi nawa gare shi ba. Kuma ba rashin masana ne ke damunmu ba. Cibiyar AGRHYMET da ta ACMAD duk a Yamai suke, ma'aikatar hasashen yanayi tana fitar da hasashen damina kowace shekara. Tsakanin ofishin masana da ɗakin ƙasa da ke gefen gulbi ne maganar ke ɓacewa. Wa ke shiga kowane gida a unguwa kowace rana? Ɗan makaranta.

Don haka ga abin da nake ganin za mu iya yi, ba sai mun jira takarda daga sama ba.

Na ɗaya, a watan Mayu, kafin a tashi hutu, kowace makaranta ta ware yini guda. Yara su zana taswirar unguwarsu: ina ruwa ke bi, ina yake kwanciya, wane gida ne ke kan hanyarsa, ina tudu yake. Su koyi alamun bangon ƙasa da ya sha ruwa, su san ba a kwana a gindinsa. Su san ba a ratsa ƙorama mai gudu ko da ruwan bai wuce gwiwa ba, kuma ba a fakewa ƙarƙashin itace idan ana tsawa. Su koma gida su sa iyaye su ɗaure takardun haihuwa a cikin leda. Nawa muka gani sun kasa zama jarrabawa saboda ruwa ya ci takarda?

Na biyu, ƙungiyar iyayen yara da kwamitin kula da makaranta su zauna da mai unguwa su rubuta sunayen tsofaffi da marasa lafiya da ke gidajen da ke cikin haɗari, a san wanda zai ɗauko wa, a san inda za a kai shi. Kaye ɗaya da biro sun isa.

Na uku, mu malamai mu koyi tambaya kafin tsawa. "Lafiya dai? An ji daga baba?" ba ya cin minti ɗaya. Mu kuma koya wa manyan yara, da kanmu, cewa tura bidiyon da ba a san asalinsa ba ga wanda ke cikin fargaba zalunci ne, ko da da kyakkyawar niyya aka yi.

Na san abin da abokan aiki za su ce: yara tamanin a aji, manhaja ba ta ƙarewa, ga wani kaya kuma. Gaskiya ne. Amma wannan ba sabon fanni ba ne. Taswirar unguwa darasin labarin ƙasa ce, auna ruwan sama da gwangwani lissafi ne. Ga ma wani abin da zai sa yara su buɗe ido: hadarin nan da ke taso mana daga gabas a damina, idan ya wuce mu ya kan ci gaba yamma har ya fita teku ta wajen Senegal, kuma da yawa daga manyan guguwowin tekun Atalantika daga irinsa suke farawa. Da na faɗa wa ajina haka, ƴar ƙanena ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, ashe iskarmu ce ke zuwa wurin kakata?" Ranar babu wanda ya dubi taga.

Wasu iyaye kuma za su ce abin da Allah ya ƙaddara ba makawa. Haka ne, babu mai ja. Amma manomin da ya yarda da ƙaddara shi ne dai ke gyara rumbu kafin kaka, kuma Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar Asabar da hantsi wayar Amarya ta yi ƙara. Ƙanenta ne, ya hau wani tudu ya samu rezo. Rufin gidan ya tafi, katifu sun jiƙe, itacen mangwaron da ke ƙofar gida ya faɗi. Tsohuwa tana nan lafiya, wai abin da ke damunta kawai kajinta. Amarya ta yi kukan da ta riƙe kwana huɗu, matan gida suka kewaye ta. Ni kuwa ranar Litinin na kira yaron nan da na yi wa faɗa, na tambaye shi labarin mahaifinsa. Ya ce har yanzu shiru. Na ce duk ranar da aka ji, ya zo ya gaya mini. Ina nan ina jira tare da shi.

Allah ya kare namu na gida da na nesa, ya kawo mana damina mai albarka.