Tunjere da Ciwon Sanyi: Haƙƙin da Ke Wuyan Mazajen Zango

Duk wanda ya taɓa jiran mota a tashar Krofrom da ke Kumasi, inda matafiya Arewa ke lodi, ya ji masu tallar magani suna shela da lasifika, suna jera cututtukan da kwalba guda za ta kawar, kuma da wuya a kai ƙarshen jerin ba a ambaci ciwon sanyi ba. Jama'a na saye, domin mai tallan ba ya tambayar suna, ba ya neman jini ko fitsari, ba ya kuma cewa a tafi a zo da matar gida. To, wannan rangwame da ya sa kasuwarsa ke ci, shi ne musabbabin da ya sa cutar ta ƙi fita daga gidajenmu na Krofrom da Aboabo da Asawase, kuma ra'ayina shi ne galibin alhakin yana kan mu maza, waɗanda Allah Ya ɗora wa amanar iyali.

Ciwon sanyi na saduwa, wanda likitan Jamus Albert Neisser ya gano ƙwayarsa a 1879, galibi ba ya ɓoye kansa ga namiji: cikin 'yan kwanaki sai zafin fitsari da mugunya su bayyana, har su tilasta masa neman magani. Amma ga mace, sau da yawa babu wata alama ko kaɗan, alhali kuwa ƙwayar tana haurawa daga bakin mahaifa zuwa hanyoyin da ƙwai ke bi, tana kumbura su, tana toshe su, har a wayi gari ko dai ciki ya ƙi samuwa, ko ya zauna a wajen mahaifa ya yi barazana ga ranta, ko kuma, in ta haihu, jaririn ya kwashi cutar a idanunsa, abin da kan kai ga makanta idan an yi sakaci. Daga nan sai dangin miji su fara kiranta juya, a yi ta maganar ƙarin aure, ba wanda ya tuna da ciwon da maigidan ya sha wa kafso shekaru uku da suka wuce ya yi shiru. Wannan zalunci ne, ko da an yi shi cikin jahilci.

Sha'anin tunjere ya fi wannan tsanani, saboda yadda yake yaudarar mai shi. Kimanin mako uku bayan kamuwa, wani ɗan gyambo marar zafi kan fito a al'aura ko a baki, ya yi 'yan makonni ya bushe da kansa, ko an sha magani ko ba a sha ba, sai mai tallan tasha ya sami shaida, mai ciwon kuma ya yi hamdala. Bayan wani lokaci ƙuraje kan feso a jiki, har a tafin hannu da tafin ƙafa, su ma su ɓace. Sa'an nan cutar ta kwanta shekaru, kamar wutar ƙaiƙayi, kafin ta taɓa zuciya ko jijiyoyi ko ƙwaƙwalwa. Har a cikin wannan zamani na shiru takan ratsa mahaifa ta kama ɗan tayi, ta jawo ɓari, ko haihuwar gawa, ko jariri mai rauni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 manya miliyan 8 ne suka kamu da tunjere, kuma a juna-biyu kimanin 700,000 cutar ta ratsa daga uwa zuwa ɗa, alhali maganinta, wato finisilin, yana hannun likitoci tun 1943. Macen da ta yi ɓari sau biyu, sau uku, kafin a ce mayu ne ko iska, haƙƙinta ne a auna jininta da na mijinta.

Akwai wata magana da ta zauna daram a zukatan mutanen Zango, wadda yawan dogaro da ban-ɗakin haya ya ƙara mata ƙarfi, cewa a masai ake kwasar waɗannan cututtuka. Ba haka al'amarin yake ba. Ƙwayoyin nan biyu ba sa jure rayuwa a wajen jikin ɗan Adam, don haka hanyarsu ita ce saduwa, ko daga uwa zuwa ɗa, ko kuma, ga tunjere, ƙarin jini da ba a tace ba, kamar yadda likitocin Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye suka ba da rahoton aukuwarsa a nan Kumasi a 2011. Gaskiya ne ba kowane farin ruwa ko ƙaiƙayi da ke damun mace ne cutar saduwa ba, da yawa ba su da alaƙa da ita sam; amma wannan ma hujja ce ta zuwa awo, tunda ido ba ya rarrabe su.

Shi awon ba abu ne mai wuya ba. Na ciwon sanyi, fitsari ake karɓa, ko a ɗebi ruwan da ke fita a duba da madubin likita, ko a rena ƙwayar a ɗakin gwaje-gwaje domin a san maganin da ke kashe ta. Inda babu kayan aiki kuwa, ma'aikacin lafiya kan bi ƙa'idar alamomi da aka tsara masa. Na tunjere, ɗigon jini ne daga yatsa, sakamako ya fito cikin kimanin minti 20. Sai dai akwai mas'ala biyu da ya wajaba kowa ya sani. Ta farko, a makonnin farko bayan kamuwa jini kan iya nuna babu komai, don haka akan bukaci maimaitawa. Ta biyu, wadda ta fi damuna, awon yatsa yakan ci gaba da nuna alama har ƙarshen rayuwa ko da an warke tuntuni, kuma ba ya bambanta tunjere da cutar fatar nan ta yara da Ashantawa ke kira gyato, wadda ƙwayarta 'yar'uwar ta tunjere ce, ake kuma ɗaukarta ta cuɗanyar wasa a ƙauyukan kurmi na ƙasar nan. Saboda haka ne likita kan ƙara awo na biyu, RPR ko VDRL, ya kuma bincika tarihin mutum. Ashe ke nan takardar asibiti ba shaidar zina ba ce, kuma wanda ya ɗaga ta ya tuhumi matarsa, wadda wataƙila daga gare shi ta samu, ko daga auren fari, ko ma tun yarinta, ya kusanci kazafi, laifin da shari'a ta tsananta a kansa.

Game da magani, allurar finisilin mai daɗewa a jiki guda ɗaya tana isar sabon kamuwa da tunjere, wanda ya jima kuwa uku ne, mako-mako. Ciwon sanyi ya riga ya kangare wa finisilin da tetirasaikilin da sifro a ƙasashe da yawa, har ya zama allurar seftiriyazon ce madogara a yau, kuma kafso biyu-uku da ake saye a kantin magani ba bisa umarnin likita ba suna daga cikin abin da ke koya wa ƙwayar taurin kai. Haka nan magani ba ya cika sai an yi wa duk wanda shimfiɗa ta haɗa, miji da matansa baki ɗaya, a lokaci guda, a kuma ƙaurace wa juna kwana bakwai. In ba haka ba, cutar za ta yi ta zagaya ɗakuna tare da rabon kwana.

Ba baƙon abu ba ne malamai su shiga wannan magana. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta kawo aibobin jiki da ke ba da zaɓi a aure, kuma malaman usulu sun lissafa kiyaye rai da kiyaye zuriya cikin manufofin shari'a. Jihar Kano ta mai da awon lafiya kafin aure doka a 2024. Mu ba mu da bukatar jiran majalisa: limaman Zango da sarakunanmu suna da ikon roƙon a haɗa da awon tunjere kafin ɗaurin aure, bisa sharaɗin sutura, sakamako ya tsaya tsakanin likita da masu auren, tunda cuta ce mai warkewa wadda ba ta hana aure.

Ya ɗan'uwa maigida, asibitin Manhyia da na Tafo ba su da nisa da Krofrom, kuma tun 2008 kula da mai ciki yana cikin abin da inshorar lafiya ta ƙasa ta ɗauke wa iyali. Ka bar iyalinka ta fara awon ciki tun watannin farko, ta kuma tambaya ko an auna mata tunjere. Idan unguwarzoma ta aiko a kira ka, ka amsa kiran, ka miƙa yatsanka, ka karɓi allurarka tare da ita.