Gigin Tsufa: In Gado Ne, Sai Mu Naɗe Hannu?



Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Inna, ta shekara huɗu tana fama da gigin tsufa kafin Allah ya karɓi abinsa. Da fari gishiri take zuba wa miya sau biyu. Daga nan ta shiga cigiyar mijinta, wanda ya rasu tun ban zo duniya ba. Ran da na koma gida hutu ina aji ɗaya, na durƙusa na gaishe ta, sai ta dube ni ta ce, "Yaro, ɗan gidan wa ne kai?" Alhali kuwa a ɗakinta aka yaye ni. Maƙwabta wasu suka ce iska ce, wasu har da raɗe-raɗin maita, don an taɓa tsintar ta a bakin kasuwa da tsakar dare. Dattawan gidanmu kuwa cewa suka yi gado ne, haka uwarta ta yi, sai haƙuri.

To, wannan kalma ta gado ita nake ja da ita. Ban ce ƙarya suka yi ba. Malaminmu na kimiyyar halittu ya bayyana mana cewa yawancin gigin tsufa cuta ce ta ƙwaƙwalwa, wadda wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya fara siffantawa a 1906. A 1993 kuma masana a Amurka suka gano cewa wata ƙwayar gado mai suna APOE4 tana ƙara haɗarin kamuwa da ita. Wanda ya gaje ta ta wajen uwa ko uba, haɗarinsa yakan ninka wajen sau uku; wanda ya gaje ta ta ɓangare biyu kuwa, abin ya fi haka nesa. Amma fa haɗari aka ce, ba tabbas ba. Da yawa sun tsufa da ita garau.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne aikin wannan ƙwaya a jiki. Ashe tana cikin masu sarrafa kitsen jini, kuma mai ita kitsen jininsa yakan yi yawa. Wato ke nan gadon da ke taɓa ƙwaƙwalwa shi ne kuma ke taɓa jijiyoyin jini. Haka hawan jini da ciwon sukari suke bin dangi, kuma dukansu suna share wa gigin tsufa hanya. Ashe gadon ba ya jira sai mutum ya tsufa. Tun yana ɗan shekara 40 yake yin sallama, a cikin abin da ma'aikacin asibiti zai iya aunawa cikin minti biyar.

A 2024 wani kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 da mutum zai iya gyarawa, ya ce da za a kawar da su, da an hana ko an jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na gigin tsufa. Ban da waɗanda na ambata, akwai shan taba, rashin motsa jiki, kurumta da ciwon idon da ba a yi wa magani ba, zaman kaɗaici, gurɓatacciyar iska, da ƙarancin ilmi. (Wannan na ƙarshe, masu gudun aji sai su ji da kyau.)

Wani abokina ya ƙalubalance ni a ɗakin kwana, ya ce, in dai tushen biyun ɗaya ne, maganin hawan jini sare reshe ne kawai, saiwa tana nan. Maganarsa da nauyi, na kwana ina juya ta. Amma an gwada. A ƙauyukan ƙasar Sin an bi mutane kusan 34,000 masu hawan jini har shekara huɗu, aka buga sakamakon a 2025. Inda ƙananan ma'aikatan lafiya na ƙauye suka tsaya tsayin daka wajen saukar da jinin mutane, gigin tsufa ya ragu da kashi 15 cikin 100. A nan gida ma, binciken da aka fara a 1992 ya nuna tsofaffin Ibadan ba su kamuwa da cutar kamar baƙaƙen fatar birnin Indiyanafolis na Amurka, ko da yake ƙwayar nan tana yawo a jinin duka biyun.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Shekara biyu ke nan da aka ce wa mahaifina yana da hawan jini. In kansa ya yi ciwo ya sha magani, in ya lafa ya jefa kwalbar a aljihun tsohuwar riga, ya ce ai gadon gida ne. Na san wannan mujalla za ta isa hannunsa ran ziyarar iyaye. Baba, ka yi mini aikin gafara da na fito da zancen gida waje. Ina tsaye a gefenka ran da Inna ta kira ka da sunan ƙanenta, na kuma ga yadda ka juya fuska ka fita zaure. Hutu ya rage mako biyar. In na dawo, ina roƙo ka yarda in raka ka asibiti a sake auna ka.