Mai ciwon suga: Me ke cikin aljihunka idan za ka motsa jiki?



Duk wanda aka tabbatar masa da ciwon suga ya ji wannan magana daga bakin likita: ka rage tuwo, ka bar zaƙi, ka riƙa motsa jiki. Shawara ce mai kyau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato kamar tafiyar sauri ta minti 30 sau biyar. Idan tsoka tana aiki takan zuƙe suga daga cikin jini, insulin kuma ya fi yin tasiri. Abin da ba a cika samun lokacin bayyana wa mutum ba a asibiti mai dogon layi shi ne, idan aikin tsoka ya haɗu da aikin magani, suga na iya faɗuwa fiye da kima.

Ba kowa wannan ya shafa daidai ba. Wanda metformin kaɗai yake sha da wuya sugansa ya faɗi saboda tafiya. Amma idan kana yin allurar insulin, ko kana shan glibenclamide, wanda aka fi sani da Daonil, ko danginsa irin su glimepiride da gliclazide, to da kai nake. Kuma kada ka ɗauka sai mai zuwa filin wasa ne ke motsa jiki. Ɗan dako a kasuwar Mile 12, da mai ga-ruwa, da uwargidan da ta wuni tana wanki da daka, da wanda ya sauka daga mota saboda cunkoso ya ƙarasa gida a ƙafa, duk jikinsu bai san bambanci ba.

Idan kana da na'urar gwaji, gwada kafin ka fara. In ta nuna ƙasa da 100, ci wani abu tukuna, kamar ayaba ɗaya ko yankan burodi. Wasu na'urorin da wani ma'auni suke aiki, za ka ga ƙananan lambobi. A wurinsu 100 tana daidai da 5.6. In kuma ta haura 250, wato 13.9, musamman kana jin ƙishirwa, yawan fitsari, tashin zuciya ko kasala, ajiye takalmin. Wannan ranar ta neman likita ce, domin ga mai ƙarancin insulin wahalar da jiki na iya ƙara dagula lamarin.

Na san tsinken gwajin da tsada, ba kowa ke iya ƙona guda biyu kullum ba. To ka yi gwajin kafin da bayan tafiya na 'yan kwanaki, ka rubuta a littafi, za ka fahimci halin jikinka. Lokaci mafi sauƙin haɗari shi ne bayan cin abinci. Mafi muni kuwa shi ne ka sha magani da safe, ka fita ba ka karya ba.

Alamomin faɗuwar suga su ne rawar jiki, zufa mai sanyi, bugun zuciya, yunwa farat ɗaya, jiri da ruɗewa. Matsalar ita ce mai aikin ƙarfi dama yana zufa, zuciyarsa na bugawa, sai ya ce gajiya ce. Kada ka yi gardama da jikinka. Tsaya, ka zauna. In suga ya yi ƙasa da 70, wato 3.9, ko babu na'ura a kusa, tauna ƙwayar suga uku zuwa huɗu, ko ka sha babban cokali ɗaya na zuma, ko rabin kofin lemon kwalba mai suga. Jira minti 15, in bai daidaita ba ka maimaita, sannan ka bi da abinci. Shi ya sa ƙullin suga bai kamata ya bar aljihunka ba, ko da mutanen gida za su yi maka kallon mai satar hanya. Ku kuma iyali, in mutum ya suma kada a ɗura masa komai a baki, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti.

Faɗuwar kan zo a makare ma, har cikin dare, sa'o'i da yawa bayan an gama aikin. Ranar da ka wahala fiye da yadda ka saba, gwada kafin ka kwanta. Ƙwallo ko ɗaga ƙarfe kuwa kan tayar da suga na ɗan lokaci. Kada ka ƙara allura da kanka saboda haka. Rage magani ko ƙara shi aikin likitanka ne, ka kai masa littafin nan ya duba. In za ka yi tafiya ko tuƙa keke, yi allurar a ciki maimakon cinya, domin tsokar da ke aiki tana saurin jan maganin.

Sai ƙafa. Ciwon suga da ya daɗe yana kashe jijiyoyin ji, mutum ya taka ƙusa bai sani ba. Sa takalmi rufaffe da safa, ka zazzage shi kafin ka sa, in ka dawo ka duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu.