Ɗalibi Ya Faɗi Inda Ya Samo Maganarsa

Duk wanda ya taɓa zama gaban malami a zaurukan unguwar Kabara, cikin birnin Kano, ya san ba a kawo magana haka siddan. Da almajiri ya ce abu kaza ya halatta, sai malam ya tambaye shi a wane littafi ya gani, wane ne mawallafinsa, kuma a gaban wa ya karanta. Marigayi Shaihu Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996, ya yi karatu wurin Malam Ibrahim Natsugune da waɗansu malamai, kuma ijaza irin wadda ake bayarwa a wannan tsari ba kome ba ce illa jerin sunayen waɗanda ilmi ya biyo ta hannunsu, daga wannan zuwa wancan, har a kai ga mawallafi. Hatta magwafin da ya kwafi littafi da alƙalaminsa sau da yawa yakan rubuta sunansa da ranar da ya gama a shafin ƙarshe.

To, abin takaici, wannan ladabi ne ya yi ƙaranci wurin ɗaliban manyan makarantu, har da ma'aikatan da ke rubuta wa gwamnati rahoto. Sai ka ga an cika takarda da "masana sun ce", babu suna, babu shafi.

Ga misali a tarihin Kano ɗin kanta. Ɗalibi yakan rubuta cewa Bagauda ya hau sarauta a shekarar 999, ya wuce abinsa kamar a gabansa aka yi naɗin. Alhali kuwa littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, yawan shekarun da kowane sarki ya yi kawai yake faɗi. Bature H. R. Palmer ne ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, ya yi ta lissafi yana komawa baya har ya iso ga 999. Littafin kuwa ba ya ɗauke da sunan mawallafi, kuma ya tsaya ne a kan Sarki Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1893, watau wajen shekara ɗari tara bayan zamanin da ake ba Bagauda. Wannan bai rage darajar littafin ba ko kaɗan, domin da shi ake tinƙaho har gobe. Amma fa wajibi ne ɗalibi ya ce lissafin Palmer ne, ya kawo shekarar bugu da lambar shafi, don mai karatu ya je ya duba da idonsa, ya yarda ko ya ƙi.

Laifin ba na ɗalibai kaɗai ba ne. Malamin da ya karɓi kundin bincike ya sa hannu, bai buɗe ko littafi ɗaya daga cikin waɗanda aka jera a baya ba, shi ya koya wa yaro cewa jerin ado ne. Kamata ya yi a jami'o'i da kwalejojin horon malamai a riƙa ɗauko littattafai biyu ko uku daga jerin kowane ɗalibi ranar jarrabawar baka, a ajiye masa a kan tebur, a ce ya buɗe shafin da ya ambata ya karanta wa jama'a.