SHARHI: Tsakanin Golf 7 Da Golf 8, Wace Ce Ta Dace Da Mai Saye A Nijeriya?

A watan Oktoba na shekarar 2019 ne kamfanin Volkswagen na ƙasar Jamus ya ƙaddamar da Golf 8 a birnin Wolfsburg, domin ta gaji Golf 7 wadda ta shigo kasuwa tun 2012. Wannan batu ya shafe mu ƙwarai, ganin cewa motar da Bature ya saya sabuwa a yau, ita ce ke isowa tashoshin jiragen ruwan Legas da Kwatano bayan wasu shekaru da sunan 'yar Beljiyam.

Idan aka dubi ƙirar motocin biyu, bambancin bai taka kara ya karya ba. Duka a kan ginshiƙi ɗaya aka gina su, wanda kamfanin ke kira MQB, sai 'yan gyare-gyare da aka yi wa na sabuwar. Wurin zuba kaya na kowacce bai wuce kimanin lita 380 ba. Abin da aka ƙara wa wasu samfurorin Golf 8 shi ne ƙaramin batir mai ƙarfin bolt 48 da ke tallafa wa injin don rage shan mai, kuma aka daina ƙera mai ƙofa uku.

Babban sauyin yana gaban direba ne. A Golf 7, da hannu ake murɗa iyakwandishan, ba sai an ɗauke ido daga titi ba. A Golf 8 kuwa, an kawar da akasarin maɓallan, aka mayar da aikinsu kan allon taɓawa da wasu layuka da ake shafawa da yatsa, waɗanda ko haske ba su da shi da daddare. Haka kuma, a watan Mayu na 2020 kamfanin ya dakatar da miƙa motar ga masu saye na ɗan lokaci, saboda matsala a manhajar kiran agajin gaggawa. A shekarar 2022 Peugeot 208 ta ƙwace wa Golf kambun motar da aka fi saye a Turai, bayan ta shafe shekaru fiye da goma tana riƙe da shi. Da aka sabunta Golf 8 a 2024, sai ga maɓallai na ainihi sun dawo kan sitiyari, aka kuma sanya wa layukan nan haske.

To, abin tambaya a nan shi ne, idan masu mota a Jamus, inda garejin kamfanin ke kusa da kowa, sun koka, yaya zai kasance ga wanda ke Gusau ko Yola? Dalilin da ya sa Golf 3, wadda aka fara ƙerawa a 1991, ta daɗe tana jigilar fasinja a hanyoyinmu shi ne bakanike na gefen titi ya san cikinta, kuma kayan gyaranta na nan a Ƙofar Ruwa da Panteka da Ladipo. Motar da ba a gano ciwonta sai da kwamfuta, wadda allonta in ya mutu sai an yi odarsa da dala, nauyi ce ga mai ƙaramin ƙarfi.

Gaskiya ne tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, duk motar da ke rage shan mai ta cancanci a dube ta. Amma abin da aka tsimi a gidan mai na iya salwanta a gareji cikin yini guda.

Saboda haka, ra'ayinmu shi ne Golf 7 ta fi dacewa da mai saye a Nijeriya a halin da ake ciki. Wanda ya nace sai Golf 8, ya nemi wadda aka ƙera daga 2024. Ya kuma kamata dillalan motoci da ƙungiyoyin kanikawa su himmatu wajen horar da matasa aikin lantarkin mota, domin motocin da ke tafe duk irin wannan ne.