FILIN KIWON LAFIYA: Mai ciki, ki kula da bakinki

A wannan wata za mu yi magana a kan bakin mace mai ciki.

Mata da yawa suna cewa kowane ciki yana cin haƙori ɗaya. Wannan ba gaskiya ba ne. Jariri ba ya jan komi daga haƙorin uwarsa. Ga abin da ke faruwa: idan ciki ya kai wata 2 ko 3, jikin mace yana sakewa. Dasashi yakan kumbura, ya yi ja, ya riƙa zubar da jini. Mace ta ji zafi, sai ta bar asuwaki. Dauɗa ta taru, haƙori ya ruɓe. To, kun ga laifin ba na jariri ba ne.

Ga abin da ya kamata ki yi:

1. Ki yi asuwaki safe da dare, a hankali, ko da jini yana fita. Icen dogon yaro ya isa. Mai burushi ta sa man goge baki.
2. Idan kin yi amai, ki kurkure baki da ruwa mai tsabta. Kada ki goge nan take, domin tsamin amai yana tausasa haƙori. Ki dakata kamar rabin awa.
3. Ki rage sukari, alawa da shayi mai zaƙi.
4. Ki sha madarar da aka tafasa, ki ci wake, ƙwai, zogale da miyar kuka. Haƙoran jariri suna fara tsaruwa tun ciki yana da sati 6.

Hattara da masu tallar magani a kasuwa! Akwai kafso mai suna tetarasikilin. Idan mai ciki ta sha shi, haƙoran ɗanta suna iya fitowa da dafi mai launin ƙasa, wanda ba ya wankuwa. Idan haƙori yana ciwo, ki gaya wa ungozoma ranar awon ciki. Ana iya yi wa mai ciki aikin haƙori. Barin ruɓa da mugunya a baki shi ne haɗari.

Bayan haihuwa, a ba jariri nonon uwa kaɗai har wata 6. Wajen wannan lokaci ne haƙorin farko yake fitowa. A riƙa share shi da tsumma mai tsabta. Kada a tauna abinci a ba yaro, domin ƙwayoyin ruɓa suna bin miyau.

Akwai wata muguwar cuta da likitoci ke kira noma. Tana kama yara ƴan shekara 2 zuwa 6, musamman masu tamowa ko waɗanda suka yi ƙyanda. Tana farawa da gyambo a dasashi da warin baki, cikin ƴan kwanaki ta ci kumatu. A 1999 aka buɗe asibitin masu wannan cuta a Sakkwato. Idan an kai yaro likita da wuri, magani yana tsayar da ita.

Maigida, kai ma da aikinka. Ka bar matarka ta tafi awo. Idan nesa ne, ka ɗaura amalanke ka kai ta. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabta.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.