Ruwan Toka Kala Goma: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, duk wanda ya saba ratsa lungunan Jakara, daga bakin Kasuwar Kurmi zuwa unguwannin da ke maƙwabtaka da ita, ya ga wani sauyi da ya shigo ba da sallama ba. Gidan da aka yi wa kwaskwarima, ko don biki ko don an sami ɗan abin hannu, sai ka tarar an shafe shi da fenti ruwan toka tun daga zaure har katanga. Wannan gida toka-toka, na kusa da shi toka-toka, na gaba ma haka. Abin mamaki kuma shi ne, kowane mai gida a cikinsu ya yi kwanaki yana shawara kafin ya zaɓi nasa. Mai sayar da fenti ya miƙa masa kati mai ɗauke da ruwan toka wajen kala goma, kowanne da sunansa na Turanci da lambarsa, ya kai wa abokai a majalisa, ya aika wa amarya hoto ta waya, aka yi ta gardama a kan wanda ya fi kyau, alhali in an jera su a bango ɗaya, mai wucewa ba zai ce ga bambancinsu ba.

Ra'ayina a kan wannan al'amari a fili yake. Gardamar kala ita ce ya kamata ta zo a ƙarshe, mu kuwa mun mai da ita farko. Akwai tambayoyi uku da suka riga ta: me rana za ta yi wa wannan fenti, me ƙasar Jakara za ta yi wa bangon da ke ƙarƙashinsa, kuma me za a binne in an shafa shi? Wanda bai amsa waɗannan ba, ya tsaya auna wannan toka da waccan, ya bar jaki yana dukan taiki.

Kada a ɗauka ina cewa babu bambanci ko kaɗan tsakanin kalolin da ke kan katin. Akwai, kuma yana da kyau a san inda yake. Ruwan toka fari ne da aka sirka da baƙi, sa'an nan aka ɗiga masa shuɗi ko kore ko ja ko rawaya kaɗan. Wannan ɗigon shi ke ɓuya a ƙarƙashin ƙwan lantarkin kanti, ya kuma fito fili in rana ta haske bango. Ƙurar hunturu da ke lulluɓe Kano kowace shekara ja-ja ce, mai ruwan ƙasa. In ta sauka a kan toka mai ratsin shuɗi sai bangon ya yi kamar an watsa masa dauɗa, amma toka mai ɗan ruwan ƙasa tana shanye ta ba a cika lura ba. Saboda haka kati ba ya yanke hukunci, hoton waya kuma ganin kitse ne ake yi wa rogo. Dabara ita ce a sayi ƙaramin gwangwani na kala biyu ko uku, a shafa kowanne kamar faɗin tabarma a bangon gabas da na yamma, a bar shi ya bushe sarai, domin fenti yana sauya kama in ya bushe, sa'an nan a dube shi da hantsi, da azahar, da kuma la'asar sakaliya. Gani ya kori ji.

Sai batun rana, wanda ya fi na kyau muhimmanci. A watannin Afrilu da Mayu zafin Kano yakan kai digiri 40, wani lokaci ya wuce. Kowane ɗalibin kimiyya ya san cewa abu mai duhu yana shan zafin rana, mai haske kuwa yana mai da shi. Wasu kamfanonin fenti sukan rubuta wata lamba daga 0 zuwa 100 a jikin kowace kala, wadda ke nuna yawan hasken da take mayarwa: baƙi yana can kusa da 0, fari yana kusa da 100. Tsakanin toka mai haske da toka mai duhu akwai tazara babba a wannan ma'auni, ko da sunansu ɗaya. Wanda ya lulluɓe bangon bulo na yamma da toka mai duhu ya gina wa iyalinsa tanda, domin bangon zai yini yana tara zafi, ya kwana yana amayar da shi cikin ɗaki, a garin da ba a iya dogara da wutar lantarki ta juya fanka. A birnin Ahmadabad na ƙasar Indiya, wanda zafinsa ya yi kama da namu, hukuma ta soma wani shiri a 2017 na shafa wa rufin gidajen talakawa farin shafe don a rage zafin cikin ɗaki. Su suna neman fari don ceton rai, mu muna sayen duhu da kuɗinmu don yayi.

Tambaya ta biyu ta shafi Jakara ita kanta. Unguwar a kwari take, kuma da sunan ruwan da ya ratsa tsakiyar birni ake kiranta. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya kuma kafa Kasuwar Kurmi, mutane suke zaune a gefen wannan ruwa. Baƙin Turawa da suka shigo Kano, Clapperton a 1824 da Barth a 1851, dukansu sun ba da labarin fadamar da ke kusa da kasuwa. Wato laima ba baƙuwa ba ce a nan. Bangon tubali na dā yana shan danshi daga ƙasa da damina, ya fitar da shi ta jikinsa da rani. In aka zo aka yi masa filasta da siminti, aka bi da fentin mai, an toshe masa hanyar numfashi ke nan. Ruwan da ya shiga ba shi da mafita, sai ya zauna a ciki yana cin ƙasar. Daga waje bango sumul, ciki kuwa ya zama kunu. Alamar farko ita ce fenti ya kumbura daga gindin bango, wani farin gishiri ya feso, filasta ta soma amon ganga in an ƙwanƙwasa. Alamar ƙarshe kuwa ana jin labarinta a watan Agusta, sa'ad da ruwa ya yi yawa. Babu kala a kan kati da ke maganin wannan. Maganinsa shi ne a duba indararo, a gyara magudanar ƙofar gida, a ɗaga daɓen gindin bango, in kuma ginin ƙasa ne a ba shi shafen da zai bar shi ya sha iska.

Tambaya ta uku ita ta fi ci mini rai. Mutane da yawa suna zaton ruwan toka kala ce ta zamani da ta zo daga Turai. Ba su san Kano tana da tata tokar ba tun kafin a kawo gwangwanin fenti na farko. Maginanmu suna da laso, wanda suke shafa wa rufin soro da zanko da duk inda ruwan sama ya fi duka. Ana haɗa shi ne da katsi, wato guiɓar da ke kwantawa a gindin rijiyar marina, wadda ake busarwa a ƙone a daka ta zama gari toka-toka, da gashin jima daga majema, da kuma ruwan dafara mai yauƙi. Ku duba hikimar: abin da marini ya zubar da abin da majemi ya kankare, su ne magini ya mayar garkuwar gida. Ga kuma makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, mai ba bango ruwan ƙasa mai duhu, ga farar ƙasa ta cikin ɗaki, ga jar ƙasa. A kan waɗannan ne ake fitar da dagi da sauran zayyana a fuskar zaure, har baƙo ya gane gidan wane ba sai ya yi tambaya ba. Yau wannan zayyana ce ake farfashewa, ko a cike ta da siminti, don a sami bango sumul da zai karɓi fenti.

Yaya aka yi muka iso nan? Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya buɗe wa kwano da siminti hanya. Bayan rahoton Udoji na 1974 albashin ma'aikata ya ƙaru, kuɗin mai ya yawaita, har a 1975 ɗaruruwan jiragen ruwa maƙare da siminti suka cunkushe tashar Legas. Tun daga lokacin gidan bulo ya zama shaidar cewa mutum ya yi boko ya kuma sami aiki, gidan ƙasa ya zama abin jin nauyi. Yayin toka-toka shi ne sabon babi. Kamfanin Pantone na Amurka ya sa wata toka cikin kaloli biyu da ya zaɓa na shekarar 2021, hotunan ɗakunan Turai kuma suka cika wayoyinmu. Amma waɗannan ɗakuna na ƙasashen da rana ke rowar haske ne, inda ba a san ƙurar hunturu ba. Mun ari riga ba mu tambayi ko don wane yanayi aka ɗinka ta ba.

Na san abin da wani zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. Zai ce ginin ƙasa yana son yaɓe kusan kowace shekara kafin damina, ƙwararrun magina sun yi ƙaranci, ladansu ya hau, ƙaramin ma'aikaci kuwa ba shi da hutu ko rarar kuɗin da zai riƙa wannan hidima. Zai ƙara da cewa mutumin Jakara ba mai gadin gidan tarihi ba ne, yana da 'yancin ya zauna a gidan da ya ga dama, kuma masu yabon soro galibi a gidan bulo suke kwana. Duk na yarda. Ba na kiran kowa ya rushe bulo ya koma tubali. Abin da nake cewa ya fi haka sauƙi. Wanda ya gaji zaure mai zayyana, ya gyara cikin gida yadda yake so, ya bar wa unguwa fuskar zauren. Wanda ya riga ya yi bulo, ya tuna cewa maginan Kano da Zariya sun daɗe da iya fitar da zayyana a kan siminti su kuma yi mata launi, saboda haka siminti bai hana ado ba. Kuɗin da za a kashe a kan ƙarin bokitin fenti mai tsada zai iya biyan magini ya fitar da dagi a saman ƙofa.

Mu dubi maƙwabta. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas na Nijar cikin wuraren tarihi na duniya, kuma ginin ƙasarsa ne ya jawo masa wannan daraja. Ganuwar Kano da wuraren da ke tare da ita an gabatar da su cikin jerin masu jiran wannan matsayi tun 2007. Birni kuwa ba ganuwa da fada kaɗai ba ne. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa ba za su iya riƙe kamannin Kano su kaɗai ba in lungunan Jakara da Sheshe da Tudun Nufawa sun koma launi ɗaya kamar barikin soja.

A nan ne nauyi ya hau kanmu. Ɗaliban zanen gine-gine da na kimiyyar haɗa magunguna a jami'o'inmu suna neman batun bincike kowace shekara, ga shi kuwa a ƙofar gida: a auna zafin ɗakin da aka shafa wa toka mai duhu da na wanda aka shafa wa mai haske, a gwada ƙarfin laso da makuba a ɗakin gwaji, a zauna da tsofaffin magina a rubuta yadda ake haɗa su tun suna raye. Ƙungiyar ɗalibai tana iya ware hutu guda ta bi gidajen Jakara, da izinin masu su, ta ɗauki hoton kowace zayyana da ta rage. Matasan ma'aikata da ke ofisoshin tsara birni da na al'adu kuma, gobe su ne masu sa hannu a takarda, ya kamata su shiga ofis da sanin abin da ake asara.

Kai kuma ɗan'uwa da ke riƙe da kati a hannu, ba na hana ka ruwan toka. Amma ka fara da duba gindin bangonka da indararonka. Ka tambayi dattawan gida abin da ke ƙarƙashin filastar kafin ka sa a farfashe. In ka zo kan kala, ɗauki mafi haske, mai ɗan ruwan ƙasa, ka gwada ta a bango kafin ka sayi bokiti. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane, ba su ce tun ran fenti ba. Allah Ya sa mu gane.